Hawan Dutse Da Ƙafar Auta

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Farawa, sura 33, daga aya 12 zuwa 14.

A wurin nan Yakubu yana komawa gida bayan shekara 20 a wurin Laban. Wansa Isuwa ya tarye shi da mutum 400, ya kuma so su kama hanya tare. Amma Yakubu ya roƙe shi ya yi gaba. Ya dubi 'ya'yansa, ƙanana ne, ya dubi garkensa, akwai masu shayarwa, ya san tafiyar mazaje za ta kashe su. Saboda haka ya zaɓa ya biyo a hankali, gwargwadon ƙarfin ƙafar yaran.

Na sha karanta wannan wuri, amma sai a kan dutse na gane shi. Bari in ba ku labari.

Wata damina, bayan mun gama maimai da huɗa, gero bai nuna ba tukuna, sai uwargida ta ce mini, "Maigida, yaran nan kullum bayanka suke gani. Da asuba ka fita, da dare ka dawo a gajiye." Maganar ta yi mini zafi, gama gaskiya ce. Muka sayar da akuya biyu, muka shirya zuwa Jos wurin wani ɗan'uwa, mu shida.

Muka bi ta Gusau. Da muka wuce gari kaɗan yara suka hangi Dutsen Kwatarkwashi, suka yi ta ihu cikin mota. Na ce su ajiye ihun, akwai sauran duwatsu a gaba. Muka bi Tsafe, Funtuwa, Zariya, sa'an nan Saminaka, har mota ta fara hawa. Garin Jos yana bisa tudu mai tsawon wajen mita 1,200 daga bakin teku. Shi ya sa a watan Agusta mutumin Anka yakan nemi bargo a can. Saboda wannan sanyi ne ma mishan na SIM suka gina gidan hutu a Miyango tun zamanin Turawa, domin ma'aikatan da zafin arewa ya gajiyar su zo su huta da iyalansu.

Kwana shida muka yi, ba mu kuwa zauna ba. Muka je gidan tarihi, wanda aka buɗe a 1952. Muka shiga gonakin dankalin turawa da na acca, waɗanda aka kewaye da shingen ƙerana. A rana ta huɗu muka nufi duwatsun Shere, gabas da gari, waɗanda ƙololuwarsu ta wuce mita 1,800. A can akwai makarantar da ake horar da matasa ta hanyar hawan dutse.

To, a nan ne na yi kuskure. Ni da babban ɗanmu muka sa kai, muna so mu isa sama kafin hadari ya haɗu. Ban waiga ba sai da na ji muryar autarmu daga ƙasa, yarinya 'yar shekara 6, tana kuka tana cewa, "Baba, ka tsaya mini!" Na duba, ga ta zaune a kan fa, takalminta ya tsinke, uwarta na riƙe da ita. Uwargida ba ta ce kome ba, ta dube ni kawai. Nan da nan Yakubu ya faɗo mini a rai.

Na sauko. Na ɗaure takalmin da tsumma, na ce daga yanzu auta ce a gaba, kowa ya bi bayanta. 'Yan'uwa, ba mu kai ƙololuwa ba a ranar. Amma mun ga abin da mai sauri ba ya gani. Yarinyar ta nuna mana ruwa yana tsattsafowa daga tsagin dutse. Ɗanmu na biyu, wanda nake ɗauka ba ya magana, ya buɗe baki ya faɗa mini yana jin tsoron wani babban yaro a makaranta, har wata uku yana ɓoyewa. Da a gida ne, da ban ji ba. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Wani zai ce, wannan zancen masu kuɗi ne, mu manoma ina mu ina hutu? Ɗan'uwana, ka tuna abin da ya same mu. A shekara ta 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dutsen zinariya ne aka riƙa kawowa cikin gida ana niƙawa, ƙurarsa ta shiga ƙasar da yara ke rarrafe. Ba wanda ya yi nufin cutar ɗansa. Abinci ake nema. Amma idon manya yana gaba, ba wanda ya san abin da ke faruwa da na baya sai da aka fara binne su. Ba na tuna wannan domin in fama wa kowa ciwo. Ina so ne mu gane, neman abinci yana iya sa uba ya yi wa 'ya'yansa nisa alhali suna kwana ɗaki ɗaya.

Saboda haka ga shawarata a wannan hutu. In Allah ya hore maka, hanya kuma ta yi lafiya, ka kai iyalinka su ga duwatsu. Ka tambayi labarin hanya kafin ka tashi, ka yi tafiyar rana, kada ka bi dare. A can ka nemi ɗan gari ya yi muku jagora. Ku fara hawa da sassafe, ku sauko kafin hadarin yamma, gama jiƙaƙƙen fa yana da santsi, tsawa kuma tana son tudu. Ku riƙe ruwan sha da rigar sanyi. Kada yaro ya yi wanka a tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa, suna da zurfi ƙwarai.

In kuwa babu hali, kada ka damu. Kada kuma ka kai yara tsaunukan dajinmu, mun san waɗanda ke fakewa a ciki yanzu. Ka ware yini ɗaya. Ku taka zuwa fadama ko bakin gulbi kusa da gari, ku gasa masara, ka koya musu sunayen itatuwa. Sharaɗi ɗaya ne: ƙarami shi ne a gaba, kai kuma ka saurara.

Haka Ubangiji yake yi da mu. Ya san rauninmu, ba ya kora mu fiye da ƙarfinmu, in mun zauna muna kuka yakan sauko inda muke.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mana inda muka yi gaba muka bar 'ya'yanmu a baya. Ka ta'azantar da iyayen da suka yi rashi. Ka ba ƙasarmu salama, ka tsare hanyoyinmu, ka koya mana tafiya da ƙafar ƙanana. Cikin sunan Yesu, Amin.

Sai wani mako in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.