Rumbu Ya Cika, Saura Ƙuri'a: Jawabi a Ranar Godiyar Kaka

 

Yau gaban bagadi ya cika da damman dawa da gero, buhunan masara, wake, gyaɗa, har da kaji da awaki. Mun yi huɗa, mun yi noma, mun yi maimai, amma babu ko ɗaya daga cikinmu da ya saukar da ɗigon ruwa daga sama. Saboda haka a Maimaitawar Shari'a sura 8 Musa ya gargaɗi Isra'ilawa cewa idan sun ci sun ƙoshi, kada su manta da Wanda ya ba su, har su ce ƙarfinsu ne ya yi. Godiyarmu ta farko ke nan. Ta biyu kuwa tana Littafin Firistoci 19:9-10, inda aka umarci manomi ya bar kalar gonarsa domin matalauci da baƙo. Gwauraye, marayu da waɗanda rikici ya raba da gonakinsu suna da rabo a cikin abin da muka kawo. Ina kuma roƙonmu kada mu kwashe hatsi duka zuwa kasuwa yanzu da yake araha, mu dawo muna sayen mudu da tsada a watan Agusta.

Akwai wata kyauta da Allah ya sa a hannunmu wadda ba ta shiga rumbu, wato ƙuri'a. Tun 1999 da aka koma mulkin farar hula muke zaɓen shugabanni, daga kansila har shugaban ƙasa. Amma a zaɓen 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista da INEC, kusan miliyan 25 ne kaɗai suka fito. Sauran sun zauna a gida, waɗansu suka yanke musu hukunci. Farashin takin zamani, gadar da ruwa ya cinye, maganin da babu a asibitin ƙauye, malamin da ba ya zuwa aji, tsaron hanyar gona, dukansu suna da alaƙa da wanda ya hau kujera.

Kowane manomi a nan ya san iri. Komai tsananin yunwar bazara, mai hankali ba ya dafa irin da ya keɓe. Ƙuri'a iri ce, amfaninta kuma shekara 4 ake cinsa, ko mai daɗi ko mai ɗaci. Kafin zaɓen 2027 za su zo da gishiri, da maggi, da atamfa, da ɗan kuɗi a ambulan. Mu yi lissafi tare. Idan an ba ka naira 5,000, ka raba ta a kan kwanakin shekara 4, ba ta kai naira 4 a rana ba. A Farawa 25 Isuwa ya sayar wa Yakubu matsayinsa na ɗan fari saboda kwanon fate, ya ci ya tashi, daga baya ya yi kuka bai sami gyara ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya sayi ƙuri'arka ya riga ya biya ka, ba ka da bakin tambayarsa rijiya. Dokar ƙasa ma ta hana saye da sayar da ƙuri'a.

To, wa za mu zaɓa? Ikkilisiya ba jam'iyya ba ce, ba zan kuwa ambaci sunan kowa ba. Amma a Fitowa 18:21 Yetro ya ba Musa ma'auni: mutum mai iya aiki, mai tsoron Allah, mai gaskiya, wanda ba ya karɓar cin hanci. Mu auna kowane ɗan takara da wannan. Wane aiki ya taɓa riƙewa, yaya ya bar shi? Yana zuwa mana a lokacin makoki da ambaliya, ko sai ranar godiya da baiko mai kauri? Suna irin na Littafi Mai Tsarki bai isa shaida ba, ƙabila ma bata isa ba. Mu tuna Allah ya yi amfani da Sairus, sarkin Farisa, ya mayar da jama'arsa Urushalima.

Matasa, da ku nake. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011 ya ci rayuka fiye da 800 a Arewa, Kirista da Musulmi, yawancinsu talakawa. Kada wani ya ba ku ƙwaya da sanda alhali 'ya'yansa suna makaranta. Maƙwabcinka da ya zaɓi wani dabam, gobe da shi za ku yi gayya.

Abin yi ga shi. Wanda ya kai shekara 18 ya yi rajista idan an buɗe. Mai kati ya adana shi, kada ya ba kowa ko da da sunan tallafi. Iyayenmu mata, ƙuri'arku taku ce, a asirce ake jefa ta. Ranar zaɓe mu fita da wuri, mu taimaki tsofaffi, mu tsaya cikin natsuwa har a ƙirga a gabanmu. Ko wa ya ci, 1 Timoti 2:1-2 ta ɗora mana yi masa addu'a, sa'an nan mu riƙa tuna masa alkawaransa.

Allah da ya ba mu damina ya ba mu hikimar zaɓe, ya kai mu kakar baɗi lafiya. Amin.