Ƙwallo da Shebur a Mathare

A Mathare, wata unguwar talakawa ta birnin Nairobi inda ɗakunan kwano suka cunkushe, aka kafa ƙungiyar wasannin matasa a 1987. Dokarta abin dubawa ce: ba cin wasa kaɗai ke ba kulob maki ba. In yara suka kwashe shara, suka yashe kwatami, sai a ƙara musu maki a gasar. Su ne alƙalan wasa, su ne masu horarwa. Lalle shebur ba ya koya wa yaro karatu, shi ya sa akan taimaka wa masu himma da kuɗin makaranta. Daga cikinsu aka sami kulob ɗin Mathare United, wanda ya zama zakaran Kenya a 2008.