Daga Tazargade Zuwa Ƙwayar Magani

Da damina ta kankama a Zoza da sauran ƙauyukan Rogo da Ƙaraye, zazzaɓin cizon sauro kan kwantar da yara gida-gida, sai a ruga kemis neman ƙwaya.

Ko kun san asalin ƙwayar nan ganye ne? Tu Youyou, wata masaniyar harhaɗa magunguna 'yar ƙasar Sin, ita ce ta jagoranci tace sinadarin atemisinin a 1972 daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade. Sai da aka yi ta gwaji ana faɗuwa, kafin ta gane zafin tafasawa ne ke kashe ƙarfinsa. Sinadarin ba ya narkewa sosai, don haka masana suka sauya masa zubi, aka samu atemita da atesunet, irin wanda ake yi wa yaro allura idan ciwo ya tsananta. Tu Youyou ba ta samu kyautar Nobel ba sai 2015, bayan shekara 43.

Jiƙon tazargade fa ba ma'auni gare shi ba, kada ya ruɗe ku. Iyaye, a yi gwajin jini tukuna, sannan a shanye ƙwayar har tsawon kwana uku cif.