Kwaikwayon Kogi a Kwamfuta: Ta Ina Mai Koyo Zai Fara?



An nemi in yi magana a kan yadda mutum zai fara koyon aiki da manhajar kwamfuta mai kwaikwayon tafiyar ruwa a kwarin kogi. Abin da ake nufi da kwarin kogi a nan shi ne dukkan ƙasar da in ruwan sama ya sauka a kanta zai gangara ya taru a kogi guda, kamar yadda ruwan soro yake taruwa ya fita ta indararo. Aikin manhajar kuwa shi ne lissafi: daga ruwan da ya sauka, nawa ƙasa ta shanye, nawa rana ta ɗauke, nawa ya kwarara zuwa kogi, kuma yaushe zai isa wuri kaza. Kada a raina wannan lissafi, domin ruwan sama na milimita 1 a kan fili mai murabba'in kilomita 1 lita miliyan 1 ne cur.

Jama'a, ga dalilin da ya sa wannan ilimi ya shafe mu. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kusa da Wudil su zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya haɗu da na Jama'are, su zama Kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Duk ruwan da aka riƙe ko aka saki a waɗannan wurare yana taɓa manomin shinkafa da masunci da makiyayi a fadamun Haɗeja da Nguru. Haka kuma ba mu manta da ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba 2024 ba, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle. Wanda zai ba hukuma shawara a kan irin waɗannan al'amura, dukiyar mutane da rayukansu ne a hannunsa.

To, ta ina za a fara? Mataki na farko shi ne sanin lissafin da hannu. Dabarun da ke cikin manhajojin nan sun girmi kwamfuta. Tun a 1851 wani injiniya ɗan ƙasar Ailan, Thomas Mulvaney, ya fito da hanyar ƙiyasta iyakar cikar rafi daga ƙarfin ruwan sama da faɗin fili. A 1932 kuma Sherman na Amurka ya nuna yadda za a zana tashin kogi da saukarsa bayan an yi ruwa. Wanda ya taɓa yin waɗannan da fensir da takarda, shi ne zai gane in kwamfuta ta kawo masa shirme.

Mataki na biyu, a zaɓi manhaja guda a riƙe ta. Biyu ne suka fi shahara, kuma duka kyauta ake samunsu a intanet tare da littattafan koyarwarsu. Ta farko ita ce HEC-HMS, wadda sashen injiniyoyin sojan Amurka ya fitar a 1998. Ta fi dacewa da mai nazarin ambaliya da madatsu. Ta biyu ita ce SWAT, ta ma'aikatar aikin gona ta Amurka, wadda ta fi dacewa da mai son sanin yadda noma da zaizayar ƙasa suke sauya kogi cikin shekaru masu yawa. Ko wacce aka ɗauka, sai an iya aiki da manhajar taswira irin su QGIS, domin a kan taswirar tudu da kwari ake shata iyakar kwarin. Taswirar da aka fi amfani da ita ta samu ne daga awon da kumbon Amurka ya yi a watan Fabrairu 2000, wanda ya yanka doron ƙasa gida gida, kowane gida kimanin mita 30.

Mataki na uku, a fara da ƙaramin rafi wanda aka sani da ƙafa. A je a ga inda jigawa take, mai shan ruwa kamar ba a yi ba, da inda fako yake, wanda ruwa ke gudu a kansa, da inda lakar fadama take. Manhajar za ta nemi a ba kowace irin ƙasa lamba mai nuna yawan ruwan da ke kwarara a kanta. Jadawalin waɗannan lambobi kuwa daga gonakin Amurka aka tattara shi, saboda haka wanda ya kwafa ido rufe ya ɗora wa ƙasarmu halin wata ƙasa. Daɗin daɗawa, a shimfiɗaɗɗen wuri irin na Haɗeja, inda kogi yake rarrabuwa, ciyawar kacala kuma tana toshe masa hanya, taswirar sama takan ɓata, sai an haɗa da awo a ƙasa. Gani ya kori ji.

Mataki na huɗu shi ne mafi girma, watau gwada abin da kwamfuta ta faɗa da abin da aka auna a kogin. A raba shekarun awo kashi biyu. Da kashi na farko za a yi ta gyara lambobi har lissafi ya yi kusa da gaskiya. Sa'an nan a ɗauke hannu, a jarraba shi da kashi na biyu. Ya kamata shekarun su ƙunshi na damina mai albarka da na fari irin 1973 da 1984. Akwai ma'aunin da Nash da Sutcliffe suka kawo a 1970: in ya ba da 1, lissafi ya dace sarai, in ya ba da sifiri, aikinka bai fi na wanda ya ɗauki matsakaicin awo kawai ba.

A nan ne nake so 'yan'uwa ma'aikata su saurara da kyau. Kwamfuta ba ta ƙin ba da amsa. Ko ƙarya ka zuba mata, za ta fito maka da zane mai kyan gani wanda zai burge shugabanka a ofis. Saboda haka darajar aikin duka tana wuyan mutumin nan da ke zuwa bakin gada kowace safiya yana karanta ma'aunin ruwa, da wanda ke adana littafinsa. Ku nemi bayanan ruwan sama a hukumar NiMet, na koguna kuma a NIHSA da hukumomin raya koguna. Inda aka sami giɓi, ana iya cikewa da ƙiyasin tauraron ɗan'adam irin CHIRPS, wanda ya faro daga 1981, amma wajibi ne a rubuta a rahoto cewa ƙiyasi ne.

Game da wuraren horo, akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna, da cibiyar AGRHYMET a Yamai wadda aka kafa a 1974, ban da sassan injiniya da na labarin ƙasa a jami'o'inmu. Sai dai takardar shaidar kwas na mako biyu mafari ce kawai. Shawarata ita ce, kafin damina mai zuwa kowannenku ya zaɓi rafi guda, ya shata kwarinsa, ya yi lissafinsa, sa'an nan ya tsaya a bakinsa cikin watan Agusta ya ga ko ruwan ya yarda da shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.