Depeche Mode bayan rasuwar Fletcher

 A 1980 ne wasu samari a garin Basildon na Ingila suka kafa ƙungiyar Depeche Mode, suna kiɗa da na'urorin lantarki. Faifansu na farko, Speak & Spell, kiɗan rawa ne mai sauƙi. Da ɗaya daga cikinsu, Vince Clarke, ya bar su, Martin Gore ya karɓi rubuta waƙoƙi, sai kiɗan ya yi nauyi, ya koma zancen zunubi da imani da so, har ya kai su ga faifan Violator a 1990.

A watan Mayun 2022 ɗan ƙungiyar Andy Fletcher ya rasu, saura Gore da Dave Gahan. Mutane da dama sun zaci shi ke nan. Sai ga sabon faifansu, Memento Mori, a Maris 2023. Gore ya fara rubuta waƙoƙin tun Fletcher na da rai, amma rashinsa ya sa suka fi ratsa zuciya. Ni dai "Ghosts Again" ce ta fi taɓa ni.

Sun fara rangadi a Sacramento, suna haska hoton Fletcher yayin rera "World in My Eyes". Gahan kuwa, yana da shekara 60 lokacin da suka fara, ya yi ta juyi a dandamali ba gajiya, har suka kammala a Jamus a Afrilun 2024.