Yadda Filifin Ta Riga Amurka Rungumar Saƙon Tes



A farkon shekarun 2000, mai sayar da kifi a kasuwar Manila ta fi ma'aikacin banki a New York ƙwarewa wajen aika saƙon tes. Har laƙabi aka yi wa Filifin da hedkwatar tes ta duniya, alhali Amurka, da duk arzikinta da kwamfutocinta, tana can baya. Wasu sukan ce hali ne, wai mutanen Filifin akwai son hira, ga kunyar faɗin magana baki da baki. Ni ban gamsu ba. Aljihu ne ya yanke hukunci, sai kuma irin wayar da kowa ya taso ya tarar a gidansu.

Filifin ƙasa ce mai tsibirai sama da 7,000. Shekara da shekaru kamfanin PLDT ya kankane harkar wayar tarho, mutum ya nemi layi ya yi ta jira har ya cire rai. A 1993 gwamnatin Fidel Ramos ta buɗe kasuwar, kamfanoni irin su Globe da Smart suka shiga gasa. Da farko tes kyauta ne. Da aka sa masa kuɗi ma, peso ɗaya ne, kiran minti guda kuwa ya ninka haka sau da dama. Ku dubi talaka a ƙofar ɗan shagon unguwa da suke kira sari-sari: ya miƙa 'yan canjinsa a zuba masa kuɗin waya, ya zaro Nokia, ya danna lamba 7 sau huɗu kafin harafin S ya fito, ya gutsure kalmomi don maganarsa ta shige cikin haruffa 160. Ku ƙara da miliyoyin 'yan ƙasar da ke aikatau a Hong Kong da Saudiyya da sauran ƙasashe. Uwa tana rainon 'ya'yan wasu a can, da tes take tambayar ko nata sun ci abinci. Wannan ai larura ce.

Ba'amurke bai san wannan matsin ba. A lokacin, kusan kowane gida akwai tarho, kiran cikin gari bai da caji na daban, ga imel, ga hirar intanet ta AOL. Kamfanonin salula kuma kowa da irin fasaharsa, sai wajen 2002 aka iya tura tes daga wannan layi zuwa wancan ba wahala. Abin da ya fi kashe gwiwa, wanda aka turo wa saƙo ma sai ya biya. Wa zai dami abokinsa da gaisuwar da za a caje shi?

A Filifin kuwa, an ga ƙarfin tes a watan Janairun 2001, shekarar da GSM ta iso Najeriya. Ranar 16 ga wata, sanatoci 11 suka rinjayi 10, suka hana a buɗe ambulan ɗin shaida a shari'ar tsige Shugaba Joseph Estrada. A daren nan tes ya yi ta yawo, ana cewa a fito titin EDSA da ke Manila cikin baƙaƙen kaya. Jama'a suka yi dafifi. Ranar 20 ga wata Estrada ya bar fadar shugaban ƙasa ta Malacañang, aka rantsar da mataimakiyarsa Gloria Macapagal-Arroyo. Amma mu yi adalci: ba waya kaɗai ta kayar da shi ba. Kadinal Jaime Sin na cocin Katolika ya yi kira ga jama'a su fito, sojoji sun janye goyon baya. Abin da tes ya yi shi ne tara mutane cikin sa'o'i kaɗan.

Amurkawa sun biyo sahu daga baya, lokacin da shirin gasar waƙa na American Idol ya koya musu zaɓe ta tes, kamfanoni kuma suka fito da tsarin biyan wata ba iyaka. A 2008 Barack Obama ya sanar da Joe Biden a matsayin abokin takararsa ta tes. Kafin nan Filifin ta wuce wurin: tun 2004 Globe ya ƙaddamar da GCash, mutane na tura wa juna kuɗi ta tes, shekara uku kafin takwararta M-Pesa ta fara aiki a Kenya.