Littafin Tarihi da Mai Tallarsa

 

Jiya da yamma, kafin in kamo hanyar Chinade, na shiga shagunan littattafai uku a Azare ina cigiyar littafi guda, wanda Victor Low ya rubuta mai suna Three Nigerian Emirates, da Jami'ar Northwestern ta Amurka ta buga a 1972. Tarihin Gombe da Katagum da Haɗeja ne, kuma daga bakin dattawan ƙasar nan ya tattaro yawancinsa. A ciki za ka ga yadda Malam Zaki ya kafa masarautar Katagum da yadda sarauta ta gudana bayansa. Ban samu ba. Wani mai shago ma ya ɗauka littafin jarrabawa nake nema, har ya jawo mini tsofaffin tambayoyin JAMB. Ban ga laifinsa ba, ɗan kasuwa abin da ke fita yake sarowa.

Kakanninmu suka ba da labarin kyauta, yau jikansu sai ya nemi dala kafin ya karanta. Takardar ɗab'i daga waje ake shigo da ita, kuɗinta na bin dala. Littafin bincike kuwa ba ya cikin manhaja, balle iyaye su saya dole. Daɗin daɗawa, an yi fiye da shekara goma babu darasin tarihi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, yaran da ya kamata su zama masu sayen littattafan tarihi yanzu suka tashi ba su san ɗanɗanonsa ba. Idan an sayi kwafi ɗaya a jami'a, gobe ya haifi hamsin a shagon fotokwafi, jibi yana yawo a WhatsApp. Ni ma, don Allah kada ku gaya wa kowa, na taɓa karanta irin wannan.

Ko manyanmu ba su tsira ba. Dakta Mahmud Modibbo Tukur ya kammala kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1979, kan yadda Turawan Ingila suka mallake Arewa. Ya rasu a 1988. Kundin bai zama littafi ba sai 2016, kuma a Dakar aka fitar da shi.

To wa ke sayar da irin waɗannan littattafai? Mutum ne, da ƙafarsa. Abokin aikina, Allah ya jiƙansa, shekara da shekaru muna loda kwalaye a bayan tsohuwar motarsa muna bin tarurrukan masana, Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri. Shi ya san masu sayen da sunayensu. Ya san alƙalin da ya yi ritaya wanda ba ya barin komai a kan jihadi ya wuce shi, ya san malamin kwalejin da zai karɓa yau ya biya in an yi albashi, ya san fadar da za ta ɗauki kwafi goma in an ambaci kakanta. Ni aikina lissafi, shi kuwa hira. Sai ya zauna da mutum a tabarma, a sha fura, a yi gardama kan wanda ya ci yaƙi kaza, littafi ya bar hannunsa ba a ko yi ciniki ba.

Bara ciwo ya kwantar da shi, kwana tara Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar arba'in iyalinsa suka kawo mini littafin bashinsa. Rabin sunayen laƙabi ne da shi kaɗai ya san masu su: Malam na bakin tasha, Baban Hajara, Mai gardama. Mutum biyu sun zo da kansu sun biya, ɗayansu yana hawaye. Kwalaye bakwai na nan a zaurena, gara ta soma taɓa na ƙasa. Na zo da biyu, suna bakin ƙofa in an tashi daga wannan taro.